Wa Zai Ƙirga Dukiyar Danko/Wasagu Idan Kansila Ya Yi Shiru?



Idan ka tambayi mutane a Wasagu ko Bena ko Ribah wane ne kansilan kirki, amsar da za ka fi ji ita ce: wanda ke zuwa jana'iza, yake taimakawa da ragon suna, yake biyan kuɗin asibiti idan an kai masa kuka. Duk waɗannan alheri ne, Allah Ya saka wa mai yin su. Sai dai ba don su aka zaɓe shi ba. An tura shi majalisar ƙaramar hukuma ne domin ya zama idon mazaɓarsa a kan abubuwa uku: kuɗin jama'a, ma'aikatan jama'a, da kadarorin jama'a.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya ya riƙa zuwa musu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai ke da hurumin tafiyar da su. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma ya riga ya rage ƙarfin tsohon uzurin nan na cewa komai yana hannun Birnin Kebbi. Bayan makonni kaɗan, a ƙarshen Agustan 2024, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kebbi, jam'iyya ɗaya ta lashe kujerun shugabanni 21 da na kansiloli 225 baki ɗaya. Ma'anar haka ita ce, a majalisar da ke zama a Ribah babu ɗan adawar da zai yi tambaya don neman suna. Idan kansilan da ke ciki bai yi ta saboda tsoron Allah ba, to babu mai yin ta.

Bin diddigin ma'aikaci ba rashin yarda da shi ba ne, sunna ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Annabi ya yi masa lissafi, sannan ya hau mumbari ya nuna wa jama'a cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, da babu mai kawo masa wannan kyautar. Sayyidina Umar (RA) kuwa ya kasance yana rubuta abin da gwamna ya mallaka a lokacin naɗa shi, domin a gane abin da ya ƙaru daga baya. Idan an yi wa sahabbai lissafi, wane ne ma'aji ko daraktan ma'aikata da zai ce an ci masa fuska don an nemi ganin takarda? Ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tambaya ta farko ta kuɗi ce. Kason tarayya ba ɓoyayye ba ne, ana wallafa shi wata-wata. Abin da ya fi sauƙin ɓacewa shi ne kuɗin shiga na cikin gida: harajin rumfunan kasuwa, na kara, na tasha, na mayanka. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu a kan ƙaramar hukuma. Saboda haka haƙƙin kansila ne ya tambaya: rasit nawa aka buga, nawa aka yanka ranar kasuwar Bena, nawa ya shiga asusu? Kuma kada ya ɗaga hannu ya amince da kasafin da bai karanta ba, domin ɗaga hannun nan shaida ce, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai.

Ta biyu ita ce ta ma'aikata, kuma a wannan yanki ita ce mafi nauyi. Ƙasar Zuru ta sha fama da 'yan bindiga, kuma sace ɗalibai mata a makarantar Maga cikin Nuwamban 2025 ya tuna wa duniya halin da ake ciki. A irin wannan yanayi, malamin firamare ko ma'aikacin lafiya na iya ƙaurace wa ƙauyen da aka tura shi saboda tsoro na gaskiya, wani kuma ya fake da tsoron ya ci albashin banza. Takardar albashi ba ta bambance su. Kansila ne zai iya, domin shi ya san wace shan-magani ce a buɗe, wace ce awaki ke kwana a cikinta. Ya kawo sunaye gaban majalisa: wanda ke da uzuri a sauya masa wuri ko a nema masa kariya, wanda ya rasu a cire sunansa a biya magadansa, wanda ba ya nan sam a daina biyansa. Matar da naƙuda ta kama da dare a ƙauyen da aka rubuta masa ungozoma a takarda kawai, ita ke biyan kuɗin shirun da aka yi.

Ta uku ita ce ta kadarori. Motar noma, motar ɗaukar marasa lafiya, gidajen ma'aikata, filin makaranta, rumbun ajiyar taki, fanfunan burtsatse: shin akwai littafi guda da aka jera su a ciki, da inda kowanne yake da wanda ke riƙe da shi? Kayan hukuma kan salwanta ne a tsakanin saukar wani shugaba da hawan wani. Majalisa ta nemi a karanta mata wannan littafi sau ɗaya a shekara, ta kuma karanta rahoton babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha. Wannan dukiya ta kowa ce, Musulmi da Kirista, Badakkare da Bahaushe da Bafillace, kuma wanda ya ci haƙƙin jama'a ba shi da mutum ɗaya da zai je ya roƙa gafara.

Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne ke cika ƙofar gidan kansila da buƙatun da albashinsa ba zai ɗauka ba, har mu tura shi neman alfarma wurin wanda ya kamata ya bincika. Bakin da ya roƙa da safe ba ya iya tuhuma da yamma. Ɗalibanmu da suka iya karanta kasafi su taimaka wa iyaye da fassara shi, limamai su tunatar a huɗuba, dattawan mazaɓa su gayyaci kansilansu bayan kowane wata uku ya yi musu bayanin abin da ya tambaya da amsar da ya samu.

Ya kai kansila, ka tuna rantsuwar da ka yi ranar kama aiki. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Lissafin da ka ji nauyin nema a Ribah, za a neme shi a wurinka ranar da babu jam'iyya babu ubangida.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Zuru da Nijeriya baki ɗaya. Amin.