Shin cin jarrabawa yana nuna kwamfuta ta fahimci abin da take faɗa?

Tambaya:

Ina yawan ji a labarai cewa manhajoji irin su ChatGPT suna cin jarrabawar da ke kayar da ɗaliban jami'a. Shin wannan ya isa in dogara da amsarsu?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah.

Ɗan'uwa mai tambaya, duk sanda ka ji an ce na'ura ta ci jarrabawa, fara neman sanin me aka auna. A 1950 masanin lissafi ɗan Ingila Alan Turing ya ba da shawarar a gwada na'ura ta hanyar hira a rubuce: in mai tambaya ya kasa bambanta ta da mutum, ta ci. Ka lura, iya kwaikwayon mutum ake aunawa a nan, ba gaskiyar magana ba.

A yau kamfanoni suna amfani da tarin tambayoyi, kamar MMLU mai fannoni 57, kowace tambaya da zaɓi huɗu. Matsalar ita ce tambayoyin suna yawo a intanet, kuma da rubutun intanet ake horar da manhajar. Ɗalibin da ya ga takardar jarrabawa tun da dare, makinsa ba ya nuna iliminsa. Kamfanin da ke tallan makin kuwa, shi ne mai sayar da hajar.

Sannan ka duba yadda aka gina ta. An horar da ita ne ta hasaso kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, daga nan aka sa mutane suna zaɓar amsar da ta fi gamsar da su. Shi ya sa harshenta ba ya sarƙewa ko da ba ta da masaniya. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ta ƙirƙira, da sunaye da lambobi, alhali babu su.

Abin da ya faru da lauyoyin yana iya faruwa da kai a kan hadisi. Manhajar tana iya kawo maka matani, ta jingina shi ga Bukhari, har ta sa lamba. Kada ka tura wa kowa sai ka buɗe littafin ka gan shi da idonka, ko ka kai wa malami ya duba.

Allah ne Mafi sani.