Ƙyalli Ba Ya Aski

Filin ra'ayi na wannan mako zai yi magana ne a kan wani ɗan ƙarfe da muka raina, alhali da wuya a sami wanda bai taɓa hawa kansa ba a cikinmu, wato aska. Muna 'yan kwana 7 a duniya wanzami ya sa ta ya yi mana askin suna. Da ita ake tsagar ƙaho, da ita ake kaciya. Abin da ke taɓa jinin mutum bai kamata a saye shi yadda ake sayen alawa ba.

Abin da ya dame ni shi ne mutanenmu sun koma sayen aska da ido. Ka shiga kasuwar Daura ko ta Mai'adua, ka tsaya wajen 'yan koli. Za ka ga asake sababbi fil cikin kwali, suna walƙiya, da rubutun Turanci a jikinsu. Can gefe kuma ga maƙeri ya shimfiɗa nasa baƙaƙe a kan buhu. Mai saye yakan wuce maƙeri ko kallo, ya ɗauki mai walƙiya, ya tafi yana murna ya sayi ta waje. Bayan aski biyu ko uku sai baki ya dakushe, a wasa ta ƙi wasuwa. Ashe kyan ɗan maciji ne.

Bari mu fara da rubutun da ke ruɗin mutane. A kan ga sunan Solingen a jikin wasu asake da almakasai. Solingen gari ne a ƙasar Jamus da ya yi ɗaruruwan shekaru yana ƙera takubba da wuƙaƙe da asake, kamar yadda Shafil ya yi suna a Ingila. Saboda yawan masu satar sunan, tun 1938 Jamus ta kafa dokar da ta hana a buga shi a kan kayan da ba a can aka ƙera su ba. To amma dokar Jamus ba ta bin kaya har cikin tiren ɗan koli. Buga suna a jikin ƙarfe aikin minti ɗaya ne, dafa ƙarfen ya yi kyau shi ne aikin gwani. In ka ga askar da aka ce daga Jamus take, amma kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba, ka tambayi kanka wa ya biya kuɗin jirginta.

Mu mutanen ƙasar Daura bai kamata a koya mana darajar maƙeri ba. Tarihin baka ya nuna cewa da Bayajidda ya biyo ta Gaya, maƙeran garin ne suka ƙera masa wuƙar da ya zo ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita. Ba kube mai ado ne ya yanke kan macijiya ba, ƙarfe ne.

To mene ne ke sa ƙarfe ya yi kyau? Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa baƙin ƙarfe zalla yana da taushi, sai an gauraya shi da ɗan sinadarin kabon kafin ya iya riƙe kaifi. A askar kirki, kabon ɗin yakan kai kusan kashi 1 cikin 100. Shi ya sa maƙerin da ya san aikinsa yake neman tsohon magagari ko ƙarfen sifirin mota, ba rodin gini ba. In ya gama fasalinta a kan uwar maƙera, sai ya zuga wuta har ta yi ja, ya tsoma ta cikin ruwa ko mai don ta yi tauri, sannan ya sake ɗumama ta kaɗan don kada ta yi gautsi. In aka tsallake tsomawa, bakin zai riƙa lanƙwashewa. In aka tsallake ɗumamawa, zai riƙa ɓantarewa kamar fasasshiyar kwalba. Duk wannan ido ba ya gani a cikin kwali, amma hannu yana iya ganowa.

Ga abin da mai saye zai yi kafin ya miƙa kuɗi:

1. Ka nemi izinin mai kaya ka goga magagari a hankali a bayan askar, kusa da baki. In ya zame bai ci ba, ƙarfen ya dahu. In ya ci kamar ana goga ƙusa, ajiye ta.

2. Ka kwantar da ita a kan dutsen washi mai shafaffen baya. In tana rawa, ko wani gefe ya ɗaga, a karkace take, kuma ba za ta taɓa wasuwa daidai ba.

3. Ka juya bakinta sama cikin hasken rana. Baki mai kaifi ba ya mayar da haske. Duk inda ka ga ɗigon walƙiya, nan ne dakushi ko giɓi.

4. A wasa ta a gabanka, a goga a fata, sannan a gwada a gashin hannu. Ta kwashe gashi ba tare da an danna ba.

5. Ka duba ƙusar da ta haɗa ta da ƙota. Aska mai girgiɗi ita ke yankan kunnen yaro.

Mai kayan da ya hana ka gwadawa, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da ya fito daga maƙera mai kyau ne. Akwai masu ƙera aska da ƙarfen banza don su sayar da araha ranar kasuwa, su ma suna zubar wa sana'ar mutunci. Shawarata ga Sarkin Maƙera da Sarkin Aska ita ce su sa kowane maƙeri ya riƙa buga tambarinsa a jikin askar da ya ƙera. Ta haka gwani zai yi suna, mai ha'inci kuma a san ƙofar gidansa. Wannan ita ce fa'idar da maƙerin gida ya fi kamfanin da ba ka san inda yake ba: in aska ta ba ka kunya, ka san inda za ka mayar da ita.

Wani zai ce, me ya kawo wannan wahala, ga reza nan ta yi aski ɗaya a jefar? Gaskiya ne, wajen askin jariri da duk aikin da jini zai fita, sabuwar reza da aka ɓare a gabanka ta fi kwanciyar hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a wajen jiki. Ke nan askar da ta yanki mutum yau tana iya harbin wani a mako mai zuwa, ko da an goge ta da tsumma ta yi fes. Amma wannan hujja ce da ke ƙara wa zaɓen aska muhimmanci. Tunda aska ba ta bar zabirar wanzamai ba, abin da ya fi shi ne kowane magidanci ya mallaki tasa, a wanke ta, a tafasa ta, a shanya ta bushe, a shafa mata ɗan mai saboda tsatsa. Wanda zai yi shekaru da aska ɗaya kuwa dole ya zaɓi mai ƙarfen kirki. Mai araha da za ka sake saye sau biyar ta fi mai tsada cin kuɗi, ga karce a kai. Araha ba ta ado.

'Yan uwana ɗalibai, mu ne ake aike kasuwa. In baba ya aike ka sayen aska, ka biya wajen wanzamin unguwarku ka tambaye shi maƙerin da yake saya a wurinsa, don shi ne ya san wadda ta daɗe a zabirarsa. Kuma ranar da za a yi wa ƙaninka askin suna, ka yi ladabi ka tambaya ko an tafasa askar, ko kuma a ɓare sabuwar reza. Wanzamin da ya san darajar sana'arsa ba zai yi fushi ba.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya kuma ba 'yan ajin ƙarshe sa'ar jarrabawa, su da aski ya zo wa gaban goshi.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta, Sandamu