BARIN KARATU MA YANA DA ƘA'IDARSA

Kowane malamin makaranta ya san irin wahalar da a kan sha kafin yaro ya sami shiga jami'a. Tun 1978 da aka kafa hukumar JAMB, ta hannunta a ke bi, a yi jarrabawa, a jira sunaye, uba ya sayar da hatsi ko ɗan bijimi ya biya kuɗin rajista. Duk wannan mun koya wa yaranmu sarai. Abin da muka bari a baya shi ne koya musu yadda a ke ajiye karatu in lalura ta kama. Mu kuwa Hausawa mun san wanda ya shiga gida da sallama ba ya fita sai da ban kwana.

Dalilin da ya sa maganar ta yi nauyi yanzu shi ne tsarin karatun ya sake. Sa'ad da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, a ƙarƙashin Jami'ar London, hanyar Ingila aka bi, watau babbar jarrabawar ƙarshe ita ce ke yanke wa ɗalibi hukunci. Jami'ar Nsukka da aka buɗe a 1960 ta ɗauko hanyar Amurka, inda a ke yanka karatu kwas-kwas, kowane kwas da nauyinsa. Daga 1989, da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da ƙa'idoji na bai ɗaya, wannan hanya ta game ƙasa. A cikinta duk kwas ɗin da ɗalibi ya yi wa rajista ya zama bashi a wuyansa, kuma makinsa na binsa tun daga zangon farko har ranar da zai fita.

Ƙofofin fita na halal uku ne. Ta fari ita ce sauke kwas ɗaya. A makonnin farko na kowane zango a kan ba da dama ɗalibi ya ƙara kwas ko ya rage, ta takarda ko ta intanet, da yardar malamin da ke kula da ajinsa da shugaban sashe. In ya sauke cikin lokaci, kamar bai taɓa ɗauka ba. Ta biyu ita ce jingine karatu na zango ko na shekara saboda ciwo, ko haihuwa, ko rasuwa, ko rashin abin hannu. Sai ya rubuta takarda ta hannun shugaban sashe har ta kai majalisar malaman jami'a, in ciwo ne ya haɗa da shaidar likita. Ta uku ita ce barin jami'ar ɗungum, ya sanar da magatakarda a rubuce, domin sakamakon abin da ya riga ya ci ya zauna masa lafiya ko zai nemi wani wuri wata rana.

To, da yawa daga cikin yaranmu ba su bin ko ɗaya. Sai kwas ya gagari yaro, ya daina shiga aji shiru, yana zaton ya huta. Bari mu yi lissafi, tun da akawuna da malamai ba a kan ruɗe su da alƙalami ba. A yawancin jami'o'inmu A maki 5 ne, B 4, C 3, har a sauko kan F wadda ba ta da kome. A ce ɗalibi ya ɗauki kwas 6, kowanne nauyinsa 3, jimla 18. Ya ci B a guda 5, ya tara 60 ke nan. In ya sauke na shidan bisa ƙa'ida, za a raba 60 da 15, ya tashi da 4.0, matsayin digiri mai daraja ta biyu ta sama. In kuwa gudu ya yi, za a rubuta masa F, a raba 60 da 18, ya tashi da 3.33, ya faɗo ta ƙasa. Yaro ɗaya, ƙwazo ɗaya, takarda guda ce ta raba su.

Wanda ya ɓace zango sukutum bayan ya yi rajista, nasa ya fi muni, gama sifiri zai kwasa a kowane kwas. In matsakaicin makinsa ya kasa abin da aka yanka, wasu jami'o'i 1.0, wasu 1.5, sai a ba shi shekarar gwaji, in bai farfaɗo ba a sallame shi. Jami'o'i da dama kuma su kan ɗauki wanda ya yi zango biyu a jere ba izini a matsayin ya kori kansa. Galibi kunya ce ke jawo wannan. Yaro na tsoron ya gaya wa ubansa kuɗi ya yanke ko karatun likita ya fi ƙarfinsa, sai ya yi ta ɓoyewa har takardar kora ta riga shi isa gida.

Wasu za su ce nuna wa yaro ƙofar fita koya masa ragwanci ne. Ba mu yarda ba. Dokar ta riga ta toshe wa raggo hanya. Ba a barin ɗalibi ya ɗauki ƙasa da nauyi 15 a zango sai da izini, kwas na tilas kuwa ko ya sauke shi bana sai ya ci shi kafin ya sami digiri, kuma karatun shekara 4 ba a yarda ya wuce 6. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Saboda haka muna da roƙo uku. Malaman sakandare su gaya wa 'yan ajin ƙarshe cewa littafin dokokin da jami'a ke ba sabon ɗalibi na karantawa ne, kuma wanda kuɗi ya yanke masa ya fara neman bashin karatu na asusun NELFUND da Gwamnatin Tarayya ta buɗe a 2024 kafin ya yi zancen tafiya. Akawunan ofisoshin jami'a su buga wa kowace takardar jingine karatu hatimi da kwanan wata, su ba mai ita kofe, kada su bar ta ta kwana a tebur har jarrabawa ta wuce. Shugabannin jami'o'i kuwa su dubi abin da a ke yi a Amurka, inda ko bayan makonnin farko ɗalibi na iya janyewa har zuwa wata rana da aka yanka, a rubuta masa harafin W wanda ba ya shiga lissafin maki. Waɗanda ba su da irin wannan dama ya kamata su buɗe ta, gama ciwo ba ya duba kalandar makaranta kafin ya zo.

Iyaye kuma su sassauta fuska, yadda ɗa zai iya faɗa musu gaskiya tun ana iya gyara. Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, amin.