Wanda Ya Sa Su Barci, Ya Kuma Tashe Su

Ran 3 ga Disamba 1953, a asibitin Hammersmith na birnin Landan, Farfesa Ian Aird ya raba waɗansu tagwaye mata da aka haifa a Kano manne da juna. Ɗaya ta rayu, ɗaya kuwa Allah ya yi mata cikawa bayan an gama aikin. Ran 29 ga Fabrairu 2024 kuma aka raba waɗansu tagwayen Kano a Riyad, ƙarƙashin Dokta Abdullah Al-Rabi'a, duka biyu suka farfaɗo. Sunan mai wuƙa ya cika jaridu. To, jama'a, wa ya tambayi sunan likitan da ya sa yaran barci?

Alhali kuwa rai a hannunsa yake rataye, bayan ikon Allah. Irin waɗannan yara sau da yawa jininsu yakan ratsa daga wannan zuwa wancan, watau maganin barcin da aka ba Hasana yana iya kai wa Husaina, ko ya rage ƙarfi ga wadda aka nufa da shi. Saboda haka akan ba kowace yarinya nata likitocin da tata na'urar numfashi, a shafa wa bututun kowacce launi dabam don kada hannu ya ɓata. In yaran suna fuskantar juna, zura bututun numfashi a maƙogwaro ma kaɗai aiki ne ja. Sa'an nan lokacin da wuƙa ta yanke mahaɗar, jini yakan zuba, bugunsa ya yi ƙasa, jiki ya yi sanyi, kuma jariri ba shi da jinin da zai yi asara. Mai fiɗa yana duban inda yake yanka. Mai sa barci shi ke lissafin kowane ɗigo, awa bayan awa.

Na san wani zai ce tagwaye manne ba kullum ake haihuwarsu ba. Gaskiya ne. Amma wannan likita shi ne dai matar Kwatarkwashi ko Tsafe za ta bukata in haihuwa ta gardama aka kai ta Gusau da tsakar dare.

Don haka ina roƙon malaman makarantun Bunguɗu, Tsafe da Gusau: yaro mai natsuwa, gwanin lissafi, in ya ce likita zai zama, ku gaya masa akwai wannan fanni. Hukuma kuma, in za ta raba gurbin karatun likitanci, ta ware wa sa barci nasa kaso, da sharaɗin mutum ya komo ya yi aiki a gida.