Lasisi a Bango, Majinyata a Layi

Tun 1979 doka ta ɗora wa Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya alhakin yi wa nas-nas rajista; ita ce kuma ke sabunta musu lasisi bayan sun halarci kwasa-kwasan ƙaro ilimi. Ina goyon bayan wannan ba tare da wata-wata ba, domin allurar da ta shiga jikin yaro ba ta dawowa. Amma a Fabrairun 2024 ƙarfin hukumar ya tafi ne kan sharaɗin shekara 2 na aiki kafin a tantance takardun mai son fita waje, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. To, waɗanda suka tsaya a gida fa? Ɗauki misalin Mubi: ta sha wuya a hannun Boko Haram a 2014, ga majinyata daga ƙauyuka har da tsallaken Kamaru. Nas ɗaya a ɗakin majinyata, cikin dare, ta yaya za ta auna zazzaɓi a kan lokaci, ta rubuta kowane magani a kati, ta wanke hannu tsakanin gado da gado in famfo ya ƙafe? Sufeton da ya zo duba lasisinta ya ƙirga min gadajen da aka bar mata, ya leƙa ɗakin ajiyar safar hannu, ya kai rahoton zuwa Yola.