Hoton Wa Ya Cancanci Bangon Ɗakinmu?

Jama'a, ku shiga falon ma'aikaci a nan Abuja, ku ɗaga kai. Me za ku gani a bango? Kalandar banki, da hoton wani babban mutum, da na maigida ran da ya karɓi digiri. Ita kuwa wadda ta yi daka da tuƙi, ta biya masa kuɗin makaranta da cinikin ƙosai, ko inuwarta babu.

A ƙasar Holan an yi wani mai zane, Johannes Vermeer, mutumin garin Delft. Wajen 1660 ya zana wata 'yar aiki tsaye tana tsiyaya madara cikin kasko, ga burodi bisa tebur, haske yana shigowa ta taga. Iyakar abin da ke ciki ke nan. Amma yau zanen nan yana ajiye a Rijksmuseum a birnin Amsterdam, mutane ko'ina a duniya suna sayen kwafinsa suna ratayawa a ɗakunansu.

Ban ce kada mu saya ba. Ni dai cewa na yi, abin kunya ne mu girmama 'yar aikin Holan mu raina tamu uwar. Ku ciro naira 10 ku juya bayanta: matan Fulani ne da ƙoren nono. Ku juya naira 20: Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, watau Suleja, cikin 1954, har sunanta ya kai Ingila da Amurka. To, abin da ƙasa ta ga ya isa a buga jikin kuɗi, yaya za mu ce bai isa bangonmu ba?

Wani zai ce daka da surfe wahala ce, ba abin ado ba. Gaskiya wahala ce. Amma wahalar da ba a dubanta ba a gode mata, balle a rage ta.

Saboda haka, 'yan'uwana masu shirin koyarwa, ran da kuka shiga aji darasin zane, kada ku ce a zana mota ko jirgi. Ku ce kowane yaro ya zana uwarsa tana aiki, ya kai gida a manna a bango. Yaron da ya zauna ya dubi hannun uwarsa har ya zana shi, da wuya ya raina ta in ya girma.

Allah ya saka wa iyayenmu mata da alheri, amin.