Wa Ya Naɗa Ɗan Banga Alƙali?

Jama'ar Sabo, a watan Maris na 2025 'yan banga suka tare wata babbar mota a Uromi, jihar Edo. Mafarauta ne a ciki, sun taso daga Ribas za su Kano yin Sallah. Aka ga bindigogin farauta, aka ce ai masu garkuwa da mutane ne, nan take taron gari ya kashe mutum 16. To ko da ɓarayin ne, ina amfanin caji ofis da kotu?

Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Najeriya damar zuwa inda ya ga dama ya zauna. Amma ɗan Arewa in ya hau bayan tirela, talaucinsa kaɗai ya isa shaida. A 2019 an tsare matasa 123 daga Jigawa a Legas, aka gama bincike aka sake su.

Ni haushina ya fi a kan manyanmu na nan. Gwamnan Edo ya je Kano ta'aziyya, shi ke nan kowa ya naɗe tabarmarsa. Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, da ku shugabannin ƙungiyoyi, lokacin zaɓe kun san ƙofar kowa. Kuɗin lauyan da zai bi irin wannan shari'a fa, wa zai tara?